Baƙuwar da Jeran Ɗinku Ya Kai Ƙara Gidan Mijinta

Zuwa ga Alhaji, mai masaukin baƙi na tsohon gidan ƙasa da ke cikin Birni, Damagaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikata. Sunana Hadiza, ungozoma ce ni a asibitin ƙauye wajen Icirnawa, gidan aurena kuma a Matameye. Na kira wayar masaukinka har na gaji, kullum sai a ce ka yi tafiya, shi ya sa na rubuto a fili. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, amma ba zan ɓoye maka ba, da zafin rai nake rubutun nan, domin aikina yana neman kuɓuce mini saboda abin da aka yi mini a gidanka.

Na ɗaya. Bayan Sallar Layya na zo Damagaram zana konkur, jarrabawar ƙarin girma ta yini biyu. Maigidana yana Kano cin rani, kuma da izininsa na fito. Na san al'ada, mace in ta shiga gari gidan dangi take sauka. To gwaggona da nake sauka wurinta ta rasu bara, gidan ma an sayar. Wata abokiyar aikina ce ta yaba mini masaukinka, ta ce ƙarami ne, ba hayaniya, ba mashaya. Gaskiya ta faɗa. Na ga zanen bangon nan da kuke taƙama da shi, na ga azara da tulunan ado, ɗakin ga sanyi ga tsabta. Har na ce a raina yau dai zan yi karatu ba yaro a baya.

Na biyu. Jeran ɗinku, wato mai kula da masaukin, ya karɓi katin shaidata ya ga Matameye, sai fuskarsa ta washe. Ya ce ai mahaifiyarsa 'yar Ɗan Barto ce. Ya tambaye ni gidan wa nake aure, kamar yadda kowane Bahaushe yake yi in ya gamu da na gida a wani gari. Ni kuma da murnata na zayyana masa, har na kwatanta masa gidan Yaya Alhaji, wan maigidana, wanda aka bar wa amanar gida. Ya ce ya san shi sarai, sun taɓa cinikin rago. Ashe ina ba shi igiyar da za a ɗaure ni ce. Ban gama kwance jakata ba ya buga wa Yaya waya, wai matar ƙaninsa ta kama ɗaki a otel ita kaɗai, ya ga bai dace ya yi shiru ba.

Alhaji, ka san abin da kalmar otel take nufi a kunnen dattijon Matameye. Yaya ya san na tafi jarrabawa, amma ya ɗauka gidan wata malamar asibiti zan kwana, don maigidana bai yi masa bayanin masauki ba. Wannan tsakaninmu ne a gida, da mun warware shi da kanmu. Ina ruwan jeran ɗinku? Shiga sharo ba shanu kenan.

Na uku, kuma wannan ya fi ci mini rai. A ɗakin da ke kallon nawa akwai wata baƙuwa daga Yamai, ma'aikaciyar wani furoje, irin ayyukan nan na ƙungiyoyin agaji, ita ma ita kaɗai. Da Faransanci ta yi sallama, da Faransanci aka amsa mata, aka hau da ita soro aka kai mata shayi tana ɗaukar hoton gari. Ba wanda ya tambaye ta gidan wa take aure, balle a nemi wan mijinta. Ba na jin haushinta, baiwar Allah ce mai fara'a, har dabino ta ba ni. Amma ni da na shigo da hijabina na gaisa da Hausa, ni ce abin tuhuma? Kuɗina da nata duk sefa ne. In dokar gidanka ce mace ba ta kwana ita kaɗai, a rubuta a ƙofa kowa ta gani, mu san inda dare ya yi mana.

Na huɗu. Yinin farko na zana jarrabawata lafiya, ban san wainar da ake toyawa ba. Washegari da safe na fito da alƙalumana, sai ga Yaya a zaurenku, jeran ya ba shi kujera har da ruwan sanyi. Motar farko ya biyo daga Matameye. Kai Bahaushe ne, ba sai na koya maka ba: matar ƙani ba ta ratsa wan miji ta wuce, ba ta musu da shi, ko sunansa ba na kamawa. Na durƙusa na gaishe shi. Bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi in ɗauko kayana. Na dubi jeran ko zai ce wa Yaya ai jarrabawa gare ta, a bari ta gama. Ya sunkuyar da kai yana goge tebur da ba datti. Ina durƙushe lokacin shiga ɗakin jarrabawa ya wuce.

A tasha muka cika taksi da mutanen garinmu, kowa ya ga Yaya gaba, ni baya, idona ja. Kafin la'asar labari ya gama Matameye, kafin Juma'a ya tsallaka Kano wurin 'yan cin rani, kuma ya yi ƙiba a hanya. A can cewa ake yi an kama ni. Da wa? Ba wanda ya sani, ba kuma wanda ya damu ya sani. Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma a tsakiyar abokan kwanansa ya ji maganar. Ya kira ni, ya ce in dakata da zuwa aiki har ya dawo a zauna. Tun ranar ina gida. Abokiyar aikina ita kaɗai take karɓar haihuwa, mata suna aiko mini da tambayar ko lafiya. Konkur ta wuce, wannan na bar wa Allah. Aikin ne ba zan iya bari ba, domin shi na iya, kuma da guminsa nake riƙe da mahaifiyata.

Ga abin da nake roƙo. Ba na neman a mayar mini da kuɗin ɗaki, ba na kuma so a kori jeran, yana da iyali, kuma na san a ransa gani yake zumunci ya yi. A dai koya masa cewa sirrin baƙo amana ne, ko da baƙon ɗan ƙauyensu ne. Sannan a daina auna mutuncin mace da harshen da ta yi sallama.

Babban roƙona kuwa shi ne wannan. Maigidana zai dawo da ruwan farko don shuka, kuma a zauren Yaya za a yanke ko zan koma asibiti. Ba za a kira ni ba, ina cikin gida za a aiko mini da hukunci. Maganata a wurin ba ta da nauyi, taka tana da shi. Ka ɗauko jeran ku zo Matameye, tafiyar ba ta kai ta yini ba. Ya buɗe baki a gaban mazan gidan ya faɗi abin da ya gani: mace ta shiga ɗaki da littattafanta, ta kulle ƙofa, ta fito da safe za ta jarrabawa. Bakin da ya ɗaure ni shi kaɗai zai kwance ni. In kun ƙi zuwa, to ku sani cewa a gidanku ungozoma ta shiga da aikinta, ta fito babu.

Allah ya ƙara wa kasuwarka albarka, ya rufa maka asiri duniya da lahira. Allah ya sa 'ya'yanka mata, duk garin da suka sauka, su faɗa hannun masu riƙe amana.

Wassalam.

Hadiza, ungozoma,
Matameye.