Kiɗan Lahadi a Montreyal

Yaya Halima,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ciwon ƙafarta? Ina su Nazira? Yaya Cadakori da hayaniyar zaɓe?

Ni lafiya lau nake, karatu na tafiya. Kin tambayi abin da nake yi in ba mu da darasi a lakol. Garin nan ba a rasa wurin zuwa, ga silima, ga filayen ƙwallo, lokacin sanyi har wasan zamiya ake yi kan ƙanƙara. Na gwada, na sha ƙasa. Sai dai a nan mutum kan wuni babu mai ce masa sannu. Wannan kar ki gaya wa Inna.

Lahadin da ta wuce na hau wani tudu a tsakiyar gari inda ake taruwa ana kiɗa. Wani dattijo ya miƙo mini ganga, na kaɗa irin kiɗan gayyar gonar Baba. Yaya, Turawa na rawa, ni ina hawaye! Da muka tashi ya ce, "Ɗana, ka dawo, wurinka na nan."

Ki ce wa Inna ta kwantar da hankalinta, yanzu akwai mai jirana ran Lahadi.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenki,
Ilyasu