Mu ne mahayan da suka tsorata ƙauyen bakanikena

Malam Attahiru, don Allah ka ba ni shawara, mako uku ke nan abin nan yana cina.

Ni ma'aikaci ne a Gusau. Ba na kabu-kabu, sha'awa ce kawai ta sa na sayi babur mai manyan tayoyi. Mu shida ne, duk Asabar mukan fita hawan duwatsu wajen Kwatarkwashi, mu dawo dumu-dumu da laka. Matata ta ce na fi kula da sarƙar babur ɗin a kan lafiyata, kuma ban musa ba.

Rannan muka ɓata hanya, muka gangaro wani ɗan ƙauye a guje, kowa da hular kwano, fuska a rufe, salansa na ƙara. Kafin mu taka burki gari ya watse, mata na kwasar yara suna faɗawa cikin dawa. Sai a lokacin muka gane kamar su wa muka zo musu. Tsoro ya kama mu, muka juya ba ko sallama.

Ranar Talata na kai babur wurin Lawwali, bakaniken da ya shekara huɗu yana yi mini gyara. Yana ɗaure sarƙa yana ba ni labari cewa 'yan bindiga sun leƙa ƙauyensu ran Asabar, mahaifiyarsa Inna Maimuna ta faɗi garin gudu ta karye a ƙafa. Tun ranar babu mai zuwa gonakin gefen dutse, ga dawa ta nuna. Na ce masa Allah ya kiyaye, na karɓi makullina na tafi. Abokaina sun ce in rufe bakina, kada 'yan sa-kai su ɗauke mu masu leƙen asiri. Kunya nake ji, Malam, kuma tsoro nake ji.

Mai Jan Babur, Gusau

AMSA

Mai Jan Babur, tsoron abokanka ba shirme ba ne. A wannan zamani mutum shida a kan babura, fuska a rufe, ba sa samun damar yin bayani. Juyawar da kuka yi ranar ban ga laifinta ba. Laifin yana cikin shirun mako uku, da "Allah ya kiyaye" da ka ce wa mutumin da hannunsa ke kan babur ɗin da ya kori uwarsa.

Ka fara da Lawwali, ku biyu kawai. Zai yi fushi, ka bar shi ya yi. Sannan ka roƙe shi ya kai ka wurin mai garinsu, a mota, da katin aikinka da dattijo ɗaya da aka sani. Ka duba Inna Maimuna, ka ɗauki nauyin ɗorin. Ba dole ka ambaci sunan abokanka ba, nauyin kanka za ka sauke. Nan gaba kada ku shiga wani yanki sai kun sanar da mai gari, ku sauka ku tura, ku cire hula.

Ƙafar Inna za ta warke in Allah ya so. Dawar ce ba za ta jira ka gama jin kunya ba, kuma ita ce abincinsu na shekara. Ka je kafin Asabar. Allah ya ba ta lafiya, kai kuma ya ba ka ƙarfin hali.