Likitar da Ba Ta Allura

Yaya, ka taɓa jin likitar da ba ta allura, ba ta ba da ƙwaya?

Af, ban ma gaishe ka ba! Ya Inna da ƙafarta? Ya yara? Ni lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Tun da lifta ta maƙale da ni, in na tunkare ta sai ƙirjina ya toshe. Hawa tara nake takawa da bokitin goge-goge a wurin aiki, har maigida ya ce in na sake makara in nemi wani aikin. Kada Inna ta ji.

Aka tura ni wurin likitar. Ina shiga na naɗe hannun riga, ta yi dariya ta ce, "Takalmi za ka cire." Wai in danna ƙafa ƙasa, in dafa inda tsoron yake, in ja numfashi a hankali. Ashe tsoro ma yana da mazauni a jiki!

Yau na shiga lifta, Yaya! Gumi sharkaf, takalmi a hannu, ana ta kallona, amma na kai hawa na tara.

A taya ni addu'a. Bari in tafi, ga liftar nan ta buɗe.