Ranar da Lemun Tsami Ya Dawo Bakina

Solange tawa, sanyin idona, ranar da ke leƙowa bayan dogon hunturu, macen da furfura ta ƙara wa kyau kamar yadda raɓa ke ƙara wa fure,

Ajiye jikar nan tukuna. Miƙa wa 'yarmu Maëlle jaririyarta, ki nemi kujera ki zauna, don wannan labari ba a jin sa a tsaye. Solange, na ji ɗanɗano! Ni Firmin, tsohon mijinki, yau da rana na ji tsami a kan harshena!

Wa ya fi ki sanin yadda bakina ya mutu tun da likitoci suka gasa ciwon nan na maƙogwarona? Ciwo ya tafi, ya tafi mini da harshe. Burodi ya zama auduga, nama ya zama kwali, ruwa ma sai ƙarnin ƙarfe. Na rame har wando ya daina zama a ƙuguna. Amma ke, sarauniyar taurin kai, kowace Asabar sai kin naɗa mini mayafi a wuya, kin ja ni shagon abincin Madam Lien na bayan tashar bas, inda tebur ke rawa, tururi ya rufe gilashi, ɗalibai da masu sharar titi ke cika ciki da canjin aljihu. Kina tuna abin da kike yi? Ki kurɓi romo, ki lumshe ido, ki ce, "Saurara, tsoho. Ga citta ta shigo. Ga kirfa a bayanta tana yanga. Kai, ga barkono ya banko ƙofa ba sallama!" Ni kuwa ina haɗiye taliyar shinkafar nan saboda fuskarki kawai. Ya ke kogin da bai gaji da ni ba, da me zan biya ki?

Tun da kika tafi garin Brest wajen 'yarmu gidan nan ya yi mini faɗi. Yau ƙafafuna suka kai ni shagon da kansu. Madam Lien na hango ni ta riƙe ƙugu.

"Ina matar? Ta gaji da kai ke nan?"

Na ce, "Ta je ganin jika, Yaya."

"To zauna, ƙanena. Ka ji daɗi ko kar ka ji, sai ka cinye. In ta dawo ta same ka kamar tsinken cin taliya, ni za ta kama."

Ta dire mini kwanon romon naman sa. Na yayyaga na'a-na'a, na matsa lemun tsami yadda kike matsa mini, ruwan ya gangaro a babban yatsana, na lasa ba da wani tunani ba. Sai wani abu ya tsunkule ni a gefen harshe, kamar tsuntsun farko da ya yi kuka bayan ƙanƙara ta narke. Na sake lasa. Tsami ne, Solange, tsami na gaske! Na kai cokali baki: ga gishiri, ga citta can nesa tana ɗago mini hannu. Kirfa ba ta iso ba tukuna, naman ma har yanzu shiru, ba zan yi miki ƙari ba. Amma ƙofa ta buɗe!

Ban san ina kuka ba sai da Madam Lien ta buga mini tawul a kafaɗa. "Kai, daina ƙara wa romona gishiri, ya ji!" Da na gaya mata, ta ƙwala wa mijinta Bao kira, ya fito da ludayi a hannu. Suka yi ta jera mini 'yan kwanoni, wannan yajin kifi, wancan karas mai tsami, suna leƙen fuskata kamar masu jiran yaro ya yi takun farko. Ɗaliban teburin gefe har da tafi.

Ana cikin wannan murna na juya in ce miki, "Kin gani?" sai na ga kujera ba kowa a kai. Haba tauraruwata, yaya za a yi bakan gizo ya fito wadda ta sha dukan ruwan ba ta nan? Na ɗauki waya na ajiye, don na san muryata za ta karye, ki zaci mugun labari ne.

Kada ki katse zamanki, Maëlle na bukatarki. Amma ranar da za ki dawo, kada ki ci komai a jirgin ƙasa. Zan tsaya a tasha da kwat ɗin nan da kike cewa ta yi mini yawa, in karɓi jakarki, mu wuce shagon kai tsaye. Na yi miki alkawari zan ci, zan yi ƙiba, zan yi tumbi har ki fara yi mini faɗa. Kuma duk abin da harshen nan zai koya daga yau, mai zaƙi da mai ɗaci, a gefenki nake so ya koya.

Ki sumbaci jaririyar a goshi, ki faɗa mata kakanta na jin yunwa.

Naki, yau da sauran kwanakin da aka ƙara mini,
Firmin