Kaset ɗin da Bai Kai Ƙarshe Ba

Angona,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da tumbinka. Bidiyon gidan nan ya tauna kaset ɗinmu na waƙoƙi, na telan nan da 'ya'yansa biyar masu rawa da almakashi. Mai gyara ya ce sai dai haƙuri. Ku da kuka san kan waya, nemo min shi. Ko amarya ta sa ka manta da ni? Da tsohuwar zuma dai ake magani.

Ka huta lafiya.
Kakarka

Kaka,

Ina gaishe ki da girmamawa. Na samo fim ɗin, na kalla har ƙarshe. Namu kullum a ƙofar asibiti yake yankewa tun ina yaro, ke kuma kina ƙarasa min da baki: uwar yaran ta warke, ta dawo da jaka cike da alewa. Kaka, ba ta dawo ba. Babu ita suka rera waƙar ƙarshe. Kin sani?

Allah ya ƙara lafiya.
Jikanki

Ɗan nema,

Gaisuwa, da ban haƙuri. Na sani. Ni na buɗe kaset ɗin da wuƙa, na datse zaren, na liƙe da man farce. Kakanka ya rantse ɓera ne, na ce lallai ɓeran ya iya aiki.

Shekararka shida, kwanan mahaifiyarka tara a ƙasa. Ba ka ci, ba ka magana, sai dai ka nuna bidiyo da yatsa, don a cinyarta ka saba kallo. Ita takan rufe maka ido a wurin asibitin, ta yi ta yi maka cakulkuli har ya wuce. Ni ban iya ba. Ƙarya na iya.

Kada ka ce don kai kaɗai na yi. Tun ranar ban sake jin waƙar ƙarshen nan ba, ita ce wadda 'yata ke rerawa in tana wanki. Yanzu muryarta ta fara ɓace min, yaro. Ina nema a kaina, sai tsit. Ina so in ji, amma ba zan iya ni kaɗai ba. In kana fushi, ka yi fushin a kusa da ni.

Allah ya yi maka albarka.
Tsohuwar maƙaryaciya

Kaka,

Ina gaisuwa. Ranar Asabar ina tafe. Ban san waƙarta ba ce. Ki nuna min inda take jan murya.

Jikanki