Labaranmu Sun Ƙare a Ajin Turanci

Zuwa ga sanyin idona, inuwata a tsakar rana, ruwan farko bayan dogon rani, matata kuma uwar ɗakina,

Sallama da gaisuwa irin ta wanda ya gaji. Ya aikin asibiti, ya tsayuwa a kan marasa lafiya a ƙasar mutane? Ni dai ga ni, na dawo daga shago hannu duk baƙin mai, na wanke, na zauna in rubuta miki abin da waya ba ta iya ɗauka. In mun yi waya ke hamma ni hamma, sai "lafiya lau" ta cinye mana lokacin.

Kin san inda aka kwana. Ba za su ba ni izinin zuwa in same ki ba sai na ci jarrabawar Turancin nan, ita kuwa ta kayar da ni har sau biyu. Mutumin da ke gane ciwon firji daga ƙararsa, yau shi ne zaune a bencin yara, gwiwa na dukan tebur, yana koyon yadda Bature ke faɗin abin da ya wuce. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni kuwa na bushe, Hajiyata. Malamar ajinmu ta ce in aiki ya auku an gama shi, jiya ko bara, to sai kalmar ta sauya riga. Wasu kalmomin masu ladabi ne, ka liƙa musu 'yar wutsiya "ed" su bi ka. Wasu kuwa 'yan taurin kai, "go" ya rikiɗe ya koma "went", babu dalili, babu neman gafara. Waɗannan sai hadda, kuma da su nake kwance ƙusoshi a shago.

Amma ba wannan ne ya gajiyar da ni ba. Malama tana da tsari: duk ranar Litinin kowa zai miƙe ya ba da labarin wani abu da suka yi da iyalinsa, wanda aka yi aka gama. Baba Direba, wani dattijo da ke zama kusa da ni, kullum da sabo yake zuwa, jika ya fasa masa tabarau, matarsa ta ɓoye makulli. Ni wa gare ni in ba ke ba? Sai na buɗe rumbunmu na fara ɗiba.

Na ba su labarin ranar da na fara ganinki, da aka kira ni gyaran firjin magunguna, kika tsaya a kaina kina haska min da fitilar waya kina faɗa, wai in allurai suka lalace ni za ki tsira wa su. Wayyo wannan faɗa, da zan same shi yau! Na ba su na ranar da kika yi min aski don tausayin aljihuna, na yi mako ba na cire hula. Na ba su na ranar da ruwa ya tare mu a hanya, lema ɗaya, kika janye ta duk gefenki kina rantsuwa iska ce. Da Turancina mai ɗingishi na kai ki ajin nan, har wata mai kemis da ke zama a gaba takan tare ni a ƙofa ta ce ya mai lema.

Wancan makon na miƙe na fara, ban kai tsakiya ba Baba Direba ya ɗaga hannu ya ce, "Ɗana, ai mun ji wannan. Kawo mana na kwanan nan." Aji ya kwashe da dariya, ni ma na yi. Na laluba rumbun nan, hasken raina, hannuna ya taɓo ƙasa. Tun ranar da na raka ki filin jirgi, me muka yi tare da zan ce mun yi?

Sai na shara musu ƙarya. Na ce kin zo hutu, ranar Asabar mun je kasuwa sayen labule, ni na zaɓi shuɗi, ke kika kafe sai ruwan ƙwai, muka yi ta gardama har mai shago ya shiga tsakani, kika yi nasara kamar kullum. Ko kuskure ɗaya ban yi ba. Malama har da tafi, karo na farko. Na taho gida ina jin daɗi, na buɗe ɗaki, na dubi taga, wallahi sai da na yi mamakin ganin tsohon labulenmu a rataye. A hanya na riga na yarda da labarin. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma na ji tsoro ƙwarai. In na ci gaba haka, wace matar zan riƙa tunawa, ke ko wadda nake ƙerawa ranar Litinin?

Kin tambaye ni ko ki sa hannu a ƙara miki wa'adin aiki. Ba zan ce kada ki sa ba, na san abin da aikin nan yake riƙe da shi. Jarrabawa kuma zan koma karo na uku, in ta sake kayar da ni in karkaɗe wando in koma. Wannan alkawari ne. Abu ɗaya nake roƙo, tauraruwata: hutun nan da kike ta ɗagawa, ki ɗauke shi, ki zo ko mako guda ne. Ki zo ki ƙona girki, ki ɓatar min da sukurdireba, ki yi min faɗan takalmi a ƙofar ɗaki. Na gaji da kewarki, na gaji da cin tsohon hatsi.

Shekaranjiya na bi ta shagon labule. Akwai ruwan ƙwan, irin wanda na faɗa musu sak. Na shafa shi, na tambayi kuɗi, na ajiye na fito. Ba zan saya ni kaɗai ba, don babu wanda zai kayar da ni a gardama.

Naki har ƙasa ta rufe idona,
Mai gyaran firjinki, da ke jira a gaban tsohon labule.