Matar da Ta Waiwayo

Zuwa ga Dogo, wanda yanzu ake ce wa Darakta,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da jikoki. Yaya ƙafar taka? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ta sa ni gaba. Ka san ban yi boko ba. Maƙwabcina tela ne ke rubuta mini, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Gyara ya ishe ni haka.

Ranar Asabar da la'asar 'yata ta kai ni kallon fim ɗinka na farko, wanda aka ce ka wanke ka sa masa launi. Zaure ya cika maƙil. Matasa sai tafi suke, wai kamar jiya aka ɗauka. Mu tsofaffi muna layin baya, kowa na jiran wurinsa. Da aka zo inda mai gida ke faɗuwa da kujera, mai askin unguwarmu har ya fara dariya, sai ta tsaya masa a maƙogwaro, don ka yanke faɗuwar. Kujerar nan ni na yi ta, ni na zare mata ƙusa da hannuna.

Wannan na haƙura. Amma Dogo, ina matata?

Ka san wurin da nake nufi. Jarumi na tsaye bakin ƙofar da na kwana uku ina fere maka, yana sallama da mahaifiyarsa, sai wata mata ta gifta ta baya da kwandon wanki a ƙugu, ta waiwayo, ta yi dariya, ta wuce. Numfashi uku ke nan duka. Ka san har ta koma ga Allah ba ta yarda an ɗauke ta hoto ba. Kaset ɗina na fim ɗin ya tsinke bara. Na tafi da jikata musamman don ta ga kakarta tana tafiya da ƙafarta. Na ɗaga yatsa zan nuna mata, sai bango. Bango fes, ka goge ta kamar datti.

Na miƙe na ce a tsayar da injin. Wani matashi ya ce Baba a zauna, an tare mana. Na fito da sandata.

Ka maido mini da ita. Ina gaida uwargida.

Naka,
Kafinta

Dogo,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya gida? Takardarka ta iso, tela ya karanta mini sau biyu, na biyun bai fi na farkon daɗi ba.

Ka ce kuskure ne da ya hana ka sakat shekara arba'in da ɗaya, wai masana sun yi ta yi maka dariya a kan matar da ta kalli kyamara. Ka ce fim naka ne. Naka ne lokacin da yake cikin gwangwani a ƙarƙashin gadonka. Tun ranar da ka haska shi a bango muka zauna muka kalla, ya zama namu. Mai aski ya haddace shi fiye da kai.

Ka manta yadda aka yi shi? Kyamara ɗaya ta aro, a tsakar gidana. Rana ta yi yawa, muka cire zanen gadonmu na hau tsani na riƙe maka inuwa har hannuna ya mutu. Matata ke dafa wa mutum goma sha biyu, kai kullum sai ka yi ƙari, kana cewa yunwa ce ke kawo basira. A lokacin ba masana, mu ne. Sunana ba ka sa a ƙarshen fim ba, ban yi magana ba. Da ta rasu direbanka ka turo ta'aziyya, nan ma na haɗiye. Tela ya ce in sassauta. Na ce ya rubuta.

Katin gayyatar bikin karrama ka yana nan, na tokare ƙafar tebur da shi. Ba zan zo ba.

A gaida yara, su ba su yi mini komai ba.

Kafinta

Ƙanina Dogo,

Ina gaishe ka gaisuwa ta gaske, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Direbanka ya kawo faifan da ka aiko jiya da hantsi, 'yata ta sa a talabijin. Ashe abin da ka yanke tun wancan lokacin ma ka ajiye. Ba numfashi uku ba ne, minti biyu ne, har da murya.

Ta gifta, ta waiwayo, ta yi dariya. Sai kai kuma cikin fushi ka juya kyamara ka ga me ya ɓata maka aiki. Ga ni bisa tsani, baƙin gashi cike da kai, hannu biyu riƙe da zanen gado, ƙusa ta kama mini wando tana ja ƙasa, na rasa wanda zan saki. Sai muryarta, Dogo, muryarta tana cewa in riƙe da kyau, malam gwani, duk unguwa na kallo.

Shekara da shekaru ina tsokanarta wai kyamara ta kalla, son a san ta take yi. Ko sau ɗaya ba ta musa mini ba, sai dai ta yi wannan dariyar. Ashe ni take kallo.

Jikata ta ce Kaka kyakkyawa ce, amma wane ne wancan na kan tsani. Na share ido da hannun riga. Tela ma yanzu ya ajiye biro yana neman hankici, wai mura.

Na kalla sau goma sha ɗaya. Ka bar sabon fim ɗinka yadda kake so, masana su ji daɗi. Wannan kada ka wanke shi, kada ka sa masa launi, na san launin zanen da ta ɗaura. Na ciro katin daga ƙarƙashin tebur, ya ɗan lanƙwashe, ina fata za su bar ni in shiga.

Amma ƙofar nan kore na shafa mata, ba shuɗi ba. Wannan kam sai mun haɗu.

Yayanka,
Kafinta